Yadda Za Ku Tsara Yinin Ƙananan Yara a Lokacin Zafi, Daga Safiya Zuwa Kwanciya

Da zarar zafi ya kankama, makarantu kuma suka ba da dogon hutu, sai tambayoyin iyaye su riƙa zuwa mini kusan iri ɗaya. Wata ta ce ɗanta mai shekara biyu ya ƙi abinci ƙememe. Wata ta ce jaririyarta ba ta runtsawa da rana, sai kuka. Wani uba ya ce shi kam ya miƙa wuya, ya ba su waya don a samu zaman lafiya, amma ransa bai so ba. Abin da kowa ke nema ɗaya ne: yaya za a wuni da ƙananan yara cikin wannan zafi ba tare da an galabaita ba, su da mu?

Amsata kullum ita ce a bar rana ta tsara yinin. Jikin yaro ƙarami ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, kuma idan wasa ya yi masa daɗi ba zai ce yana jin ƙishirwa ba sai abin ya yi nisa. Mafi yawan rigimar da ake kira rashin ji a wannan lokaci, ƙishirwa ce da gajiya da barcin da bai isa ba. Matakan nan sun shafi yara daga haihuwa zuwa kamar shekara shida, kuma na jera su yadda yinin yake tafiya.

Mataki na 1: Haɗa kayan aiki

Ba su da yawa, kuma rabinsu suna gidanku. Na jera su bisa muhimmanci, don wanda aljihunsa ba zai ɗauki duka a lokaci guda ba ya san inda zai fara.

- Kofi ko gorar ruwa ta kowane yaro, kowa da launinsa, don ku san wanda ya sha da wanda bai sha ba.
- Fakitin haɗin gishiri da sukari, wanda aka fi sani da ORS, guda uku ko huɗu.
- Ma'aunin zafin jiki.
- Gidan sauro na kowane makwanci.
- Labule mai kauri na tagogin da rana ke duka. Idan babu, kwali ma yana aiki.
- Sakakkun tufafin auduga masu hasken launi, da hula mai faɗin baki.
- Fanka. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, mai caji ta fi amfani.
- Baho mai faɗi, kofunan roba da soso, na wasan ruwa.

Abubuwa biyu ne ke cin kuɗi da gaske a wannan lokaci: wutar sanyaya ɗaki, da kayan sanyi masu zaƙi da ake saya wa yara kullum don a rufe musu baki. Na biyun ya fi na farko ɓarna, domin kaɗan-kaɗan yake fita, ba a lura sai ƙarshen wata. Sababbin kayan wasa masu tsada kuwa ban ba ku shawarar su ba. Yaro ɗan shekara uku zai fi daɗewa da kwalin da aka kawo su a ciki.

Hattara: ku duba ranar lalacewar fakitin ORS da duk maganin da ke gida. A ajiye su inda rana ba ta kaiwa, hannun yaro ma ba ya kaiwa.

Mataki na 2: Raba yinin gida uku

Daga tashi zuwa ƙarfe 10 na safe lokacin waje ne. Daga 10 zuwa 4 na yamma lokacin ɗaki ne, domin a tsakanin nan hasken rana ya fi ƙona fata, zafi kuma yake kaiwa maƙura. Bayan 4 a sake fita idan gari ya sassauta. Idan babu agogo kusa, ku dubi inuwar yaron: in ta fi shi gajarta, rana ta yi ƙarfi, a koma ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce yaro daga shekara 1 zuwa 4 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini. Awa uku ke nan, kuma ba a zama ɗaya ba. Ku ba safiya kaso mafi tsoka, yamma ta biyo baya, ragowar a cike shi a ɗaki.

Ku zana tsarin a kwali da hotuna: rana tana fitowa, kwano, gado, baho. Yaron da bai iya karatu ba yana gane hoto, kuma idan ya san abin da ke tafe, gardamarsa tana raguwa sosai.

Hattara: kuskuren da ya fi yawa shi ne barin yara su yi ta barci har hantsi wai don hutu ake yi. Sanyin safiya ya wuce a banza ke nan. Za su tashi da ƙarfinsu cif a daidai lokacin da ba inda za a kai shi, sai a kan juna da a kanku.

Mataki na 3: Shirya gobe tun daren yau

Ba a fafe gora ranar tafiya. Minti goma kafin ku kwanta sun isa: a cika gorunan ruwa, a fitar da kayan da za a sa, a yanke abin da za a dafa. Sannan abin da ya fi waɗannan duka, manyan gidan su raba yinin da baki, ba da zato ba.

"Baban yara, gobe kai ne da su daga bakwai zuwa takwas da rabi, ni zan gama girki kafin zafi ya taso."

"To. Wasan ruwan yamma fa?"

"Wannan nawa ne, amma wankan dare naka."

Wannan 'yar magana ita ce ke hana mutum ɗaya ɗaukar yinin duka har ya fara yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Idan ke kaɗai ce da su, ki nemi wata uwa ku riƙa karɓa-karɓa ko da sau biyu ne a mako. Ba gazawa ba ce.

Mataki na 4: Fitar safe

A sha ruwa kafin a fita, a karya da abu mara nauyi, a sa hula da takalmi. Ku nemi inuwa, ku bar su su yi gudu, su yi tsalle, su tona ƙasa, su ɓata jiki. Gajiyar da suka kwaso yanzu ita ce barcin ranar da kuke fata.

Man kariya daga rana mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 ko sama a shafa shi kamar minti 20 kafin fita, a sake bayan awa biyu ko bayan an jiƙe. Fata mai duhu ba ta saurin ƙonewa kamar fara, amma ita ma tana ƙonewa. Jaririn da bai kai wata shida ba, shi kariyarsa inuwa ce da tufafi, kada rana ta dake shi kai tsaye sam.

Hattara: kafin yaro ya hau lilo ko abin zamiya, ku ɗora bayan hannunku a kai. Ƙarfe da baƙar roba da siminti suna iya ƙona fatar yaro cikin daƙiƙu kaɗan, tun kafin ƙarfe goma ma.

Hattara: kada a lulluɓe keken jariri da mayafi ko tawul don a tare masa rana. Ko ƙyallen shara-shara ne yana tsare iska, zafin ciki ya ƙaru, kuma ba ku ganin fuskarsa. Haka goyo: zafin jiki biyu ne ke haɗuwa. A riƙa sauke shi yana shan iska, kansa kuma a bar shi a buɗe.

Mataki na 5: Rufe gida kafin zafi ya shigo

Mutane da yawa suna buɗe tagogi da tsakar rana don neman iska, alhali iskar wajen ta fi ta cikin zafi. Tsarin da ya dace shi ne a buɗe komai da dare da sassafe, sanyi ya ratsa gidan, sannan a rufe tagogi a saki labule da zarar waje ya fara fin ciki zafi. A gama girki da guga da safe. A kashe fitilu da na'urorin da ba a amfani da su, kowannensu yana ƙara ɗumi. Ku gano ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ku mai da shi mazaunin rana, ko da ba shi ne falo ba.

Idan kuna da na'urar sanyaya ɗaki, ga dabarar da ke rage kuɗin wuta: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a saita ta a digiri 27 a ma'aunin Salshiyas, a kunna fanka tare da ita. Jiki zai ji kamar an rage digiri 4.

Hattara: idan zafin ɗaki ya haura digiri 40, fanka ita kaɗai ba ta sanyaya jiki, ƙara masa zafi take yi. A nan sai a jiƙa fatar yaro da tsumma mai ruwa, ko a nemi wuri mafi sanyi a shafe awa biyu ko uku a can.

Hattara: a gidan bene, tagar da aka buɗe haɗari ce. Ragar sauro ba ta riƙe nauyin yaro. A janye gado da kujera daga gindin taga, kuma kada buɗinta ya wuce santimita 10. Fankar ƙasa a ɗora ta inda yatsu ba sa kaiwa.

Mataki na 6: Ruwan sha da abinci

A nan zan daɗe, domin a nan aka fi yin kuskure.

Kada ku jira yaro ya roƙa. Ku ɗaura shan ruwa a jikin abubuwan da ake yi kullum: da an tashi, kafin fita, da an dawo, a kowane cin abinci, bayan barcin rana. Ku sha a gabansa, domin yaro ya fi kwaikwayon abin da ya gani a kan abin da aka ce masa. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne fitsari. Idan fari ne ko rawaya mai haske, ruwa ya isa. Idan ya yi duhu, yana wari, kuma kaɗan ne, a ƙara. Jariri ya kamata ya jiƙa kunzugu ko famfas kamar sau shida a kwana ɗaya.

Hattara, kuma wannan babba ce: jaririn da bai kai wata shida ba, wanda nono kaɗai yake sha, ba a ba shi ruwa, komai zafin gari. Sama da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Cikin jariri ƙarami ne, ruwan da aka ɗura masa zai cinye gurbin nono. Ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba, yawan ruwa yana iya tsinka gishirin jininsa har ya kai ga jijjiga. Ga kuma haɗarin gudawa idan ruwan ba shi da tsafta. Abin da ake yi shi ne a ƙara yawan ba shi nono, ko da kaɗan-kaɗan yake tsotsa ya saki, uwa kuma ta ƙara shan ruwa.

Na san wahalar ba a sanin wannan take ba, a faɗa wa manya take. Kaka za ta ga leɓen jikanta ta ce a ɗiga masa ruwa, kuma ƙauna ce ta sa ta faɗa. A amsa mata da ladabi: "Mama, ku yi haƙuri, ai nonon ma kusan duk ruwa ne. Bari in ƙara ba shi ya sha." Sai ki ɗauke shi ki ba shi a gabanta.

Mai shan madarar gwangwani, a bi ma'aunin da aka rubuta a jikinta daidai. Kada a ƙara ruwa wai don zafi. A haɗa ta da tafasasshen ruwan da bai huce ƙasa da digiri 70 ba, a sanyaya kafin a ba shi, kuma abin da ya yi awa biyu a ajiye a zubar. Daga wata shida sai a fara ba yaro ruwa mai tsafta a kofi, kurɓi-kurɓi tare da abinci. Lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace ba na ɗan ƙasa da shekara ɗaya ba ne, kuma ko manyan ba su maye musu gurbin ruwa.

Game da ci, kada hankalinku ya tashi idan ya ragu. Zafi yana rage sha'awar abinci ga kowa. Maimakon kwano uku cike da ake faɗa a kansu, ku ba da kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, ku sa mafi nauyin da safe da kuma bayan gari ya yi sanyi. 'Ya'yan itatuwa masu ruwa irin kankana da lemo suna shiga ko yaron da ya ƙi komai. Ɗura ba ta kawo komai sai amai da ƙin abinci.

Hattara: ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da 60. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, idan zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya ce. A sa a firji, ko a dafa daidai ci. Wanda za a ɗumama a ɗumama shi har ya yi tururi ciki da waje. Abinci yana iya lalacewa ba tare da ya yi wari ba, don haka hanci ba shaida ba ne.

Hattara: ƙanƙara guda-guda da inabi ɗungurum suna shaƙe ƙananan yara. A farfasa ƙanƙara, a tsaga inabi a tsaye, kuma a ci a zaune.

Mataki na 7: Tsakar rana a ɗaki

Awa shida ne, kuma su ne gwajin haƙurinku. Ku raba kayan wasan gida kashi uku, ku fito da ɗaya, ku ɓoye biyu, bayan kwana biyu ko uku ku canja. Abin da yaro ya kwana biyu bai gani ba sabo ne a wurinsa.

Ba sai an ƙirƙiro abin mamaki ba. Ki shimfiɗa tawul a ƙasa, ki ajiye wa 'yar shekara biyu kwano biyu, ɗaya da ruwa kaɗan ɗaya fanko, da soso. Za ta tsoma, ta ɗaga, ta matse a ɗayan tana kallon ɗigon, harshe a waje don tsabar mai da hankali, ta sake, ta sake. Ɗan shekara huɗu kuwa a ba shi babban kwali da fensir mai launi: kafin ki gama ninke wanki ya zama mota, ya zama shago, ya zama gidan da ba a shiga sai an yi sallama. Ku sa su aikin gida daidai ƙarfinsu, haɗa safa, jera cokula, goge tebur. Ku karanta musu littafi ko ku ba su labari.

Batun waya da talabijin: ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ra'ayina, ku adana wannan awar don lokacin da ya fi muku wuya, ku faɗi ƙarshenta tun kafin a fara: "Idan wannan ya ƙare za mu kashe." Wanda aka kunna wa tun safe, da rana ba ku da sauran abin da za ku ba shi.

Bayan abincin rana sai barci. Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, har da na rana. Ɗan 3 zuwa 4 kuma 10 zuwa 13. A goge musu jiki da ruwa, a rage haske, a kwanta a sa'a ɗaya kullum. Wanda ya girmi barcin rana ya zauna a shimfiɗarsa da littafi, shiru, na minti 40 ko awa guda. Ke ma ki kwanta. Da gaske nake. Wanke-wanke zai jira, amma uwar da ba ta huta ba ita ce za ta tsare yara a bakin ruwa da yamma.

Hattara: kada barcin ya zarce ƙarfe huɗu, in ba haka ba dare zai raba ba su kwanta ba. Sannan ku tsince ƙasa daga ƙananan abubuwa, musamman ƙaramin batir mai kama da maɓalli. Idan yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin awa biyu, asibiti ake nufa nan take.

Mataki na 8: Wasan ruwa da yamma

Babu abin da ke sanyaya yara ya faranta musu kamar wannan. A inuwa, a zuba ruwa kaɗan a baho, a ba su kofuna, a bar su su jiƙe sharkaf. Idan ruwa yana da tsada ko wuyar samu, a haɗa wasan da wanka, ragowar a ba shuka.

Hattara: yaro yana iya nitsewa a ruwan da bai wuce santimita 5 ba. Kansa yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa, idan ya leƙa bokiti ya kifa ba zai iya ɗagowa ba. Kuma ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa, shiru abin yake faruwa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kimanin mutum 300,000 ke mutuwa ta nitsewa a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Saboda haka ƙa'ida huɗu, babu sassauci a cikinsu:

1. Babba ɗaya, sananne, yana kusa yadda hannunsa zai kai ga yaron, ba waya a hannunsa. Taron manya ya fi haɗari, domin kowa yana zaton wani ne ke kallo.
2. Idan zai tashi ya miƙa da baki: "Yaya, ga su nan a hannunki, zan shiga ciki." Sai ya ji "Na karɓa" kafin ya juya.
3. Ɗan shekara takwas ba mai tsaro ba ne. Robar da ake hura wa iska ma ba mai tsaro ba ce.
4. Da an gama a zubar da ruwan, a kife bahon. Duro, rijiya, tanki da duk mazubin ruwa a rufe da murfin da yaro ba zai iya ɗagawa ba.

Ruwan da ya wuni a tiyo ko tanki a rana yana iya salɓe fata. A bar na farko ya zuba, a gwada da gwiwar hannu.

Mataki na 9: Idan dole a fita da mota

Motar da aka ajiye a rana tamkar tanderu ce. Cikin minti 10 zafin cikinta yana iya ƙaruwa da kusan digiri 11, jikin yaro kuma yana ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar a kan na babba. Sauke gilashi kaɗan ba ya hana komai, inuwa ma ba ta hanawa. Kada a bar yaro a mota ko na "minti ɗaya, yanzu zan fito".

Mantuwa kuma ba ta masu sakaci kaɗai ba ce. Tana samun iyaye masu kula, a ranar da aka canja tsarin da aka saba, jariri kuma ya yi barci a baya shiru. Ku ajiye waya ko jaka a kujerar baya kusa da shi, ku saba da buɗe ƙofar baya duk lokacin da kuka tsaya. A gida a kulle mota, a ɓoye makulli. Idan an nemi yaro an rasa, a fara duba wuraren ruwa, sannan mota har da but, wato ma'ajiyar kaya ta baya. Ƙarfen bel ma a taɓa shi kafin a ɗaura.

Mataki na 10: Wankan dare da kwanciya

Ruwa mai ɗan ɗumi ko daidai jiki ya fi mai tsananin sanyi, wanda ke sa yaro karkarwa ya wartsake. A tsane wuya, hammata, matse-matsi da duk inda fata ta ninku. A nan ƙurajen zafi ke fitowa, kuma maganinsu iska ce da bushewa. Mai mai kauri yana toshe ƙofofin gumi ya ƙara su, hoda kuma jariri yana shaƙarta. Idan ƙurajen sun yi mugunya ko sun zo da zazzaɓi, a kai a duba.

A saki gidan sauro, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Man korar sauro mai sinadarin DEET ba a shafa wa ɗan ƙasa da wata biyu. Ga yaran da suka haura haka, babba ya zuba a tafinsa ya shafa musu, ban da hannuwa da gefen ido da baki.

Jariri a kwantar da shi rigingine, a shimfiɗa mai tauri, ba matashi ba bargo ba hula. A daren zafi singileti da kunzugu sun isa. Don ku san ko zafi ya yi masa yawa, ku taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa. Hannu da ƙafa ba sa nuna gaskiya. Fanka ta riƙa juya iskar ɗakin, kada a saita ta a kansa. A kashe allo awa ɗaya kafin kwanciya, lokacin kwanciyar kuma kada ya riƙa yawo saboda hutu.

Mataki na 11: Gane alamun haɗari da abin yi

Ƙarancin ruwa a jiki: baki ya bushe, kuka ba hawaye, idanu sun faɗa, maɗigar jariri ta loma, an yi awa shida zuwa takwas ba fitsari. Mai shan nono a ƙara masa nono. Wanda ya haura wata shida a haɗa masa ORS yadda aka rubuta a fakitin, yawanci ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsafta. Idan babu, cokalin shayi 6 na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin cokalin shayi na gishiri, a lita 1. A ba da cokali-cokali. Idan ya yi amai a dakata minti 10, a ci gaba a hankali. Mai gudawa, bayan kowace fita ɗan ƙasa da shekara biyu ya sha mililita 50 zuwa 100, wanda ya fi haka 100 zuwa 200, kuma a nemi ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14 a wurin ma'aikacin lafiya. Haɗin da ya yi awa 24 a zubar.

Hattara: gishirin da ya yi yawa yana cutarwa. A auna, kada a kintata.

Galabaitar zafi: gumi sharkaf, kasala, ciwon kai, jiri, tashin zuciya, rigimar da ba a saba gani ba. A kai shi wuri mai sanyi, a cire masa kaya, a kwantar da shi, a jiƙa fatarsa da ruwa ana yi masa fifita, a ba shi abin sha kaɗan-kaɗan. Idan minti 30 ya wuce bai dawo daidai ba, sai asibiti.

Bugun zafi: jiki ya kai digiri 40, yaro ya rikice ko ba ya gane mutane, ko ya yi jijjiga, ko ya suma. Wannan na gaggawa ne. A kira agaji ko a kama hanyar asibiti, ana zuba masa ruwa a jiki ana fifita tun daga gida har a isa. Idan ba ya cikin hayyacinsa a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai a baki. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, asfirin kuwa ba a ba yara shi.

Kada kuma a ɗora wa yanayi kowane zazzaɓi. Jaririn da bai kai wata uku ba, idan ma'auni ya nuna digiri 38, a kai shi asibiti a ranar, ko yana shan nono lafiya. Inda ake fama da zazzaɓin cizon sauro, a yi gwajin jini kafin a ce zafin gari ne.

Idan kun isa, ma'aikacin lafiya zai so ya ji abu huɗu: yaushe yaron ya yi fitsari na ƙarshe, tsawon lokacin da ya yi a zafi, abin da ya ci ya sha, da abin da ma'auni ya nuna a gida. Lambar kiran agaji da ta asibiti mafi kusa ku rubuta su da manyan baƙi inda duk wanda kuka bar wa yara zai gani.